Yadda za ka haɗa daji, fada da bakin teku a tafiya ɗaya daga Garwa

Jama'a barkanmu da war haka. Da yawa cikinmu nan Garwa da Marwa da Ngaundare a arewacin Kamaru idan aka ce yawon buɗe ido sai hankali ya tafi Dubai ko Kenya, alhali daga tashar mota ta garinku za ka iya haɗa tafiyar kwana goma ko sha biyu da za ka ga dorina da raƙumin dawa, ka shiga fadar lamiɗo, ka ƙare da tsoma ƙafa a teku, duka da katin ɗan ƙasa ɗaya da sefa ɗin da ke aljihunka. Abin da ke ɓata wa mutane tafiyar nan abu biyu ne, rashin sanin wata da rashin sanin me za a fara da shi. Toh bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: zaɓi wata kafin ka zaɓi wuri

Wannan shi ne ginshiƙin komai, in ka kuskure shi sauran duk asara ce. Gandun dajin arewa ba a shiga su da damina, ciyawa ta fi mutum tsawo, mayo-mayo, wato rafuka, sun cika, hanya ta zama taɓo. Sai daga Disamba zuwa wajen Mayu ake samun shiga. To amma a cikin watannin nan ma akwai bambanci. A Disamba ciyawa ba ta gama kwantawa ba, ruwa yana ko'ina cikin daji, dabba ba ta da dalilin fitowa inda za ka gan ta. Maris da Afrilu su ne dabbobi ke taruwa a bakin ruwa kowa ya gan su, sai dai zafin Garwa a lokacin nan ka san shi, yana haura digiri 40, yaro ƙarami ko dattijo ba zai ji daɗin yini a mota ba.

Can kudu kuma lissafinsu daban. Kiribi, garin bakin tekun da za mu ƙare a cikinsa, ruwan sama yake sha kusan duk shekara, ya fi tsanani Satumba da Oktoba, sauƙinsa daga Disamba zuwa Fabrairu. In ka ɗora wannan kan wancan za ka ga inda suka haɗu: tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu. Daji ya bushe, zafi bai yi tsanani ba, teku kuma rana na fitowa. Abu biyu kawai za ka duba. Hazon hunturu yana hana jirgin sama sauka wani lokaci, hoto ma yana fitowa dishi-dishi. Sannan a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai tsakanin nan, don haka ɗauko kalanda ka duba kafin ka sa rana.

Mataki na biyu: takardu da kuɗi

Katin ɗan ƙasa na asali, ba hoton da ke cikin waya ba, jandarma a kontrol ba ruwansa da wayarka. Yara a ɗauko musu takardar haihuwa. Katin rigakafin shawara mai launin rawaya shi ma sa shi a jaka, musamman in za ka tsallaka Cadi. 'Yan ƙasashen CEMAC, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa da Kamaru da Cadi ke ciki, ba sa bukatar biza tsakaninsu tun 2017, amma ka tafi da fasfo ya fi maka kwanciyar hankali a gadar Ngeli da ke tsakanin Kuseri da Injamena.

Kuɗi ka raba su uku. Wani a Orange Money ko MoMo, wani tsaba a jiki, wani kuma canji ƙanana na ɗari biyar-biyar da dubu-dubu. A daji ba rezo balle wurin cire kuɗi, kuma duk wanda ka miƙa wa takardar dubu goma a ƙauye zai ce ba canji. Kuɗin shiga gandun daji ɗan ƙasa yana biyan ƙasa da na baƙo, amma mota kuɗinta daban, kyamara daban, ɗan rakiya daban. Ka tambayi farashin na bana a ofishin gandun daji na jiha nan Garwa kafin ka tashi, ka kuma karɓi rasit na duk abin da ka biya.

Babban abin da zai ci maka kuɗi ba masauki ba ne, mota ce. Dole sai mai ƙafa huɗu irin Hilux ko Land Cruiser, da direba da mai. Shi ya sa tafiyar mutum ɗaya ba ta da riba. Ku haɗu mutum huɗu ko biyar ku raba, kuma tun a gida ku yi magana da mai motar ƙarara: mai a wuyan wa yake, abincin direba da wurin kwanansa a wuyan wa, in mota ta lalace a daji wa zai biya ranar da aka rasa. In ba a yi wannan maganar a Garwa ba to za a yi ta a tsakiyar daji da ɗaga murya.

Mataki na uku: tsaro, kuma wannan ba wasa ba ne

Kwana biyu kafin tashi ka sake tambaya, kar ka dogara da labarin bara. Tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, tambayi ma'aikatan gandun dajin, in da hali ka leƙa wurin jandarma. Waza shi ne gandun da ya fi suna a ƙasar nan, tun 1934 aka keɓe shi, ya zama gandun ƙasa a 1968, fili ne shimfiɗaɗɗe da ake hango raƙumin dawa da jimina daga nesa. Amma tun da aka sace iyalin Faransawa mutum bakwai a wajen Dabanga a Fabrairun 2013 bayan sun fito daga can, harkar baƙi ta durƙushe, hanyar Mora zuwa Kuseri kuwa har yanzu sai da taka-tsantsan. Ni dai ba zan ce ka ɗauki mata da yara ka nufi can ba sai in hukuma ta tabbatar maka kuma akwai rakiya. Yankin Mayo-Rai da Tuboro shi kuma matsalarsa masu satar mutane don kuɗin fansa. Dokar ɗaya ce ko'ina: ba tafiyar dare, la'asar ta same ka inda za ka kwana, kuma kar ka riƙa sa hoto a Facebook kana faɗin inda za ka gobe. Bari sai ka dawo.

Mataki na huɗu: fara da daji tun kana da ƙarfi

Me ya sa daji farko? Saboda shi ne mai wahala, tashin asuba, ƙura, girgizar mota, cizon ƙudan tsando. In ka fara kwanciya a bakin teku jikinka ya saki, wallahi ba za ka iya tashi ƙarfe biyar ka bi sawun ɓauna ba.

Ranar farko ka ɗan taɓa na kusa. Madatsar ruwan Lagdo da 'yan Sin suka gina aka gama a 1982, wadda 'yan uwanmu na Najeriya ke ambata duk shekarar da ambaliya ta ci Yola da Makurɗi, ba ta da nisa da Garwa, a je a dawo a yini ɗaya, a ci kifi a ga tafki. Ko ka nufi arewa wajen Gidar ka ga kwazazzabon Kola, inda ruwan Mayo Luti ya sassaƙe dutse, da rani ake sauka ciki a taka da ƙafa.

Daga nan sai gandun Binuwai. Yana kan hanyar Garwa zuwa Ngaundare ne, wato ba ka kauce daga hanyarka ta kudu ba, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,800, masaukin da aka fi sani shi ne Buffle Noir a bakin kogi. Ka kira ka tabbatar da halin da ɗakunan suke ciki kafin ka je, ka kuma tafi da ruwan sha da abincinka ko da an ce akwai. Abin da kusan tabbas za ka gani dorina da kada a kududdufan kogi, da gwaggon biri, mariya, kanki, gwanki, mugun dawa, da tsuntsaye kala-kala. Zaki da giwa kuwa sai rabo. Gaskiyar magana dajin ya ragu, masu haƙar zinariya sun shiga, garken shanu na ratsawa, mafarauta ba su daina ba. Wanda ya ce maka lallai za ka ga zaki kuɗinka yake so.

In kana da kwana biyu na ƙari kuma hanya lafiya, Buba Njidda ya fi Binuwai dabbobi. Yana gabas, ta wajen Collire, ya jingina da iyakar Cadi, murabba'in kilomita 2,200. Nan ne ake zuwa neman wannan babban gwankin mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira eland na Derby, wanda ya fi duk danginsa girma a Afirka. Nan ne kuma a farkon 2012 mafarauta a kan dawaki suka shigo daga ƙetare suka kashe giwaye ɗaruruwa cikin 'yan makonni saboda haure, har sai da aka tura soja. Karkanda kam kar ma ka tambaya, irin namu baƙi na yammacin Afirka a dazukan nan ya ƙare, an sanar da ƙarewarsa a duniya a 2011.

Yadda ake yini a daji: ka yi asuba ka fita kafin rana ta ɗaga, zuwa ƙarfe goma dabba ta shige inuwa kai ma ka koma, sai kuma bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Sa kaya masu launin ƙasa masu dogon hannu, ka bar baƙi da shuɗi a gida domin su ƙudan tsando ke bi, farar shadda kuma ta jira ranar Juma'a. Pister ɗin da aka haɗa ku da shi, wato ɗan rakiya mai bin sawun dabba, in ya ce kar a sauka to kar a sauka. Dorina da kake gani kwance kamar ba ta iya motsi ta fi ka gudu a tudu, kuma mafi hatsari shi ne ka tsaya tsakaninta da ruwa. A kashe kiɗan mota, a rage surutu. In an gama a ba pister ɗin nan goro mai kauri, shi ya san inda dabba ta kwana.

Ga mutanen Injamena da Kuseri, ku naku ya fi namu, in faɗi gaskiya. Zakuma a kudu maso gabashin Cadi, kusa da Am Timan, an kafa shi 1963. Giwayensa sun faɗo daga sama da 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010, shekarar da ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da shi, daga nan kisan ya ragu sosai suka fara haihuwa. Yau akwai ɓauna dubbai, zaki, da kaso mai tsoka na raƙuman dawan Kordofan da suka rage a duniya. Ƙarshen rani jan-baki, wannan tsuntsun da manomin dawa ke tsinewa, yana taruwa a bakin ruwa har ya rufe sama, ga gauraka ba adadi. Tafiya ce ta yini guda cur daga Injamena ta Mongo, a mota mai ƙarfi, masaukin Tinga kuma sai an kama ɗaki tun da wuri. In Zakuma za ka, ka ba shi mako guda shi kaɗai, kar ka cusa shi cikin wannan tsarin.

Mataki na biyar: fada da kasuwa

In ka je Buba Njidda to Rai Buba na kusa, kar ka wuce. Lamiɗancin nan tun farkon ƙarni na 19 yake, katangar fadar ta ƙasa ce doguwa, kuma har gobe sarauta a can da ƙarfinta. Ba a faɗa wa fada haka kawai. Ka nemi wani ɗan gari ya kai ka wurin dogari ko wani bafade, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka, takalmi a waje, murya ƙasa, hoto sai an ce ka ɗauka. Ka riƙe ɗan abin gaisuwa. In ka iya Fulatanci ko gaisuwa ce kawai, yi da shi, ƙofa ta fi saurin buɗewa.

Ngaundare ka daidaita ka kwana biyu, ɗaya ta zama Juma'a, ka ga fitowar lamiɗo zuwa masallaci da komawarsa da dogarai da algaita da tambura. Fadar ana zagaya baƙi cikinta, zaurukan nan masu rufin ciyawa da zane a bango sun isa kallo. Garin yana kan tudu sama da mita 1,000, da dare akwai sanyi, ɗan Garwa ya ɗauko rigar sanyi kar ya ji kunya. Da hantsi a hau kilando, wato babur ɗin haya, a je tafkin Tizon ko gangaren ruwan Vina a hanyar Maiganga. Hawan falez ɗin nan, wato hawan dutsen da ke kan hanyar Garwa kafin a iso gari, kuwa, a bar direba ya bi a hankali, manyan motoci na yawan faɗuwa a wurin.

Wanda ya taso daga Marwa yana da nasa tun kafin ya gangaro. Kasuwar masu sana'ar hannu da ke jikin babbar kasuwa, takalma da jakunkunan fata, a yi ciniki sosai. Pus a bakin Logon da ɗakunan Musgum na laka masu tsini. Sai Rumsiki bayan Mokolo, da duwatsun nan da suka miƙe tsaye su kaɗai, ƙasar Kapsiki, waɗanda 'yan uwansu ke tsallaken iyaka a wajen Michika. Can ma a tambayi tsaro tukuna domin bakin iyaka ne. 'Yan rakiya za su ce sai sun kai ka wurin boka mai duba da ƙaguwa, shi ne abin da Turawa ke rububi. Kai dai ka san hukuncin zuwa wurin mai duba, ka ce a kai ka wurin masaƙa da maƙera da masu ginin tukwane, sun fi abin kallo ma.

Mataki na shida: jirgin ƙasa zuwa Yawunde

Layin dogo ya iso Ngaundare tun 1974, kilomita ɗari shida da 'yan kai zuwa Yawunde. Jirgin Camrail yana tashi da daddare ya isa da safe, in ya makara kuma hantsi ko azahar, don haka kar ka sa wani alkawari a ranar isowa. Ka sayi tikiti kwana biyu ko uku kafin ranar, da katin ɗan ƙasa a hannu. In da iyali kake ka kama kushet, akwai mai gado biyu akwai mai huɗu, ku rufe ƙofarku Hajiya da yara su yi barci. Kujera ta fi araha amma dare ne mai tsawo. A tashoshin hanya irin su Ngaundal da Belabo mata na kawo zuma da ayaba da bobolo ta taga, ka riƙe canji, ka kuma riƙe wayarka da kyau lokacin da jirgi ya tsaya. Bas ma akwai, su Touristique Express da Danay Express, ta Garwa-Bulai da Bertuwa, mai sauri kuma ya duba Camair-Co.

A Yawunde ka sauka Birketeri, unguwar Hausawa, ga masallaci ga soya ga tuwo, ka huta kwana ɗaya. In kwanakinka sun kai, Fumban ta cancanci ratse: fadar da Sarki Njoya ya gina, mutumin da ya ƙirƙiro wa Bamun rubutunsu na kansu, ga sabon gidan tarihi mai siffar maciji mai kai biyu da gizo-gizo. Garin Musulmi ne da yawa, ba za ka ji baƙunta ba.

Mataki na bakwai: teku

Motocin Kiribi a unguwar Mvan suke lodi. Ka tashi da safe, hanya ta bi ta Edeya, awa huɗu zuwa biyar. Limbe ma teku ce, yashinta baƙi saboda aman dutsen Kamaru, amma tana yankin masu Ingilishi da rikici ya ɓarke tun 2016, ranar Litinin a yankin ba a cika fita ba. Mai iyali ya nufi Kiribi kawai. Ɗan Cadi kuma zai ga inda man fetur na Doba ke ƙarewa, bututun da ya taso daga can kilomita 1,070 a nan yake shiga teku tun 2003.

Ka zo Kiribi ranar Litinin ko Talata ka bar garin kafin Asabar. Ƙarshen mako mutanen Duwala da Yawunde ke cika shi, ɗaki ya yi tsada, kiɗa har asuba. Kafin ka biya kuɗin ɗaki shiga ka duba da idonka: famfo na kawo ruwa, akwai gidan sauro, akwai janareta, kuma mashaya ba a jikin tagarka take ba. Sauron kudu ba ya hutun rani irin namu, a kwana cikin gidan sauro, wanda ya ji zazzaɓi ko bayan an dawo gida ne ya je a gwada jini.

Gangaren ruwan Lobe yana kudu da gari kilomita bakwai ko takwas, kogi ne ke zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku, abin da ba kasafai ake samu ba a duniya. Masu kwale-kwale za su kewaye ka, ku gama ciniki a tudu, kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgi duka, zuwa da dawowa ne ko zuwa kawai, kuma a ba kowa rigar ruwa. Za su tallata maka zuwa ganin Bagyeli, mutanen kurmi, a saman kogi. Ni abin bai kwanta min ba, a tara mutane su yi rawa a ɗauke su hoto, yawancin kuɗin kuma ya tsaya a hannun ɗan rakiya. In za ka je ka miƙa abin da za ka bayar hannu da hannu, ka nemi izini kafin hoto.

Abinci kuwa ka je debarkade inda masunta ke sauke kifi, ka zaɓi naka ɗanye ka yi ciniki, mata na nan gefe su gasa maka da yaji a kawo da bobolo ko soyayyar ayaba. Jatan lande na Lobe kar ka bari ya wuce ka. Nama dai ka saya wurin 'yan arewa masu soya, suna nan da yawa, su ne ma za su nuna maka masallaci.

Sai maganar ruwan kansa, kuma iyaye ku ji da kyau. Wanda ya koyi iyo a Binuwai ko Logon kar ya ɗauka ya iya teku. Akwai jan ruwa ta ƙasa da ke fizgar mutum ya yi ciki da shi ko da sama ta yi lumui, kuma yawancin bakin ruwan ba mai tsaron masu wanka. Ka tambayi masunta inda ake shiga, kar ruwa ya wuce maka ƙugu, ba shiga da dare, yaro kuma hannunsa cikin naka. Mata masu dogon hijabi su tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu, domin yadi in ya jiƙe nauyi yake yi yana ja. In igiya ta ja mutum kar ya yi kokawa da ita yana neman tudu kai tsaye, ya bi gefe-gefe har ta sake shi, na tudu kuma su kira masu kwale-kwale maimakon su faɗa.

Komawa gida ka ware mata kwana biyu cikakku, Kiribi zuwa Yawunde yini ɗaya, jirgi dare ɗaya, sannan motar Ngaundare zuwa Garwa ko Marwa. Tikitin komawar ka saye shi tun ranar da ka sauka a tashar Yawunde, kuɗin motar ƙarshe kuma ka ajiye su daban inda hannunka ba zai kai ba a kasuwar kifi.